Aikin Da Ba Shi Da Suna

Shafi na 11

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na gan ku. Wata har cewa ta yi wai jan rai nake. Ba jan rai ba ne baiwar Allah, shafin nan ne ya yi min nauyi, ina rubutawa ina gogewa. Wanda ya shigo yau kuma, ga inda muke: ni ce Auta, na gama karatun harhaɗa magunguna, shekara ta uku ke nan ina zaune a gida. Wani kamfani mai nemo wa wasu kamfanoni ma'aikata ya kira ni intabiyu gobe, amma an ƙi faɗa min wane aiki ne, an ƙi faɗa min a ina.

*

Da la'asar na baje takardu a tsakar falo. Na karanta aikin asibiti, na karanta aikin talla, har lissafin kuɗi sai da na leƙa, ni da ba ma ga maciji da lissafi. Kaina ya ɗau zafi, kuma har lokacin ban san me nake shiryawa ba.

Umma na gefe tana ninke wanki.

"Wai ke Auta, aikin nan ba shi da suna ne?"

"Yana da shi Umma, ni ce ba a faɗa wa ba."

"To Allah ya sa ba 'yan yankan kai ba ne. A ce miki zo, ba a ce miki ina ba."

Tarinsa muka fara ji kafin sallamarsa. Yaya ke nan, ɗan farin Umma. Uwa ɗaya muke da shi, uba kowa da nasa, amma tun da mahaifina ya rasu shi ne uban. Shi ya kai ni makaranta, shi ke ɗauke da Umma, ga matarsa da yara biyu a ɗaya sashen. Shi ne mai kula da sito a wani kamfanin rarraba magunguna, kuma zaman ɗakin sanyi ne ya bar masa tarin nan da ya ƙi jin magani.

Ya tsallake takarduna ya zauna.

"Malama Auta, an buɗe makaranta ne?"

"Yaya don Allah bar zolaya. Kuka kawai nake son yi. Ta ina mutum zai shirya wa abin da bai sani ba?"

"Kin ƙara kiran matar?"

"Madam Sirri? Na kira. Komai na tambaya sai ta ce sirri ne."

Ni na raɗa mata wannan sunan. Matar kamfanin ce da ke kirana, muryarta kamar ta mai karanta labarai, ko gaisuwa a ƙididdige take amsawa.

Yaya ya ce, "Ai ke ce ba ki iya tambaya ba. Kin nace sai ta faɗa miki sunan kamfani, abin da aka biya ta ta ɓoye. Tambaye ta abin da ba ta ɗauka sirri ba ne. Me za ki saka? Mutum nawa za su zauna a gabanki? Daga nan sai mu gane inda aka dosa."

Na kira, na sa ta a sifika.

"Ranki ya daɗe, yi haƙuri na dame ki. Wane irin kaya ya kamata in saka goben?"

Ta ce, "Rufaffen takalmi. Ki kuma riƙo rigar sanyi."

"Rigar sanyi? A zafin nan?"

"Haka suka ce."

"Mutum nawa za su yi min tambayoyi?"

"Manaja ne, sai ni. Adireshi zan turo miki da safe."

Nan ya kamata in yi godiya in kashe. Amma bakina ya riga hankalina. Na ga Yaya yana kaɗa min hannu, ban gane me yake nufi ba.

"Sabuwar kujera ce, ko akwai wanda ya bari?"

Ta sauke murya. "Akwai mai ita a kai. Bai san za a canza shi ba tukuna. Kin ga dalilin ɓoyewar, sai ki riƙe bakinki."

Ta kashe.

Na ajiye wayar. Ashe wannan rawar kan da nake, abincin wani bawan Allah ake shirin cire masa daga baki a miƙo min.

Umma ta ajiye zanin da ke hannunta. "Subhanallahi. Yanzu yana can yana ta aikinsa, bai san ana ɗinka masa likkafani ba."

Na kalli Yaya. Igiyar takalminsa yake kwancewa a hankali.

Na ce, "Rigar sanyi... Yaya, wannan ai kamar irin wurinku ne."

"Irin wurinmu sun cika gari," ya faɗa da sauri. "Tattara takardun nan, ba su za su amfane ki ba. Ɗauko kujera ki zauna a gabana. Ni ne Manaja."

Na ɗauko kujerar roba na zauna. Ya gyara zama, ya ɗaure fuska, har da ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"An ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, ga allurai cike da ɗakin sanyi. Me za ki fara yi?"

"Zan kira mai gyara."

"Kin faɗi. Kafin mai gyara ki hana kowa buɗe ƙofar. Kowane buɗewa sanyi ne ke fita. Sake."

Na sake.

"Mota ta kawo kaya, direba na sauri, ya ce ki sa hannu zai wuce."

"Sai na duba na'urar awon sanyin da ke cikin akwatin."

"In ya yi miki ihu fa?"

"Ya yi ta yi."

"Yauwa. Magani biyu iri ɗaya, ɗaya ya riga zuwa, ɗaya ya fi kusa da lalacewa. Wanne zai fara fita?"

"Wanda ya fi kusa da lalacewa."

Haka muka yi ta yi. In na kauce ya dawo da ni, in na dace ya gyaɗa kai ba yabo. Umma har ta fara murmushi tana cewa kai wannan manaja akwai tsanani. Ni ma na fara jin ƙarfi a jikina, karon farko tun da aka kira ni.

Sai ya ce, "Muryarki ta yi ƙasa. Ki ɗaga ta. Kuma in kin shiga ki zauna ta damansa, ba ya ji sosai da kunnen hagu."

Na ce, "To."

Sai maganar ta dawo min.

"Wa?"

Ya kalle ni.

"Yaya, wa ne ne ba ya ji da kunnen hagu?"

"Manajoji ai... yawancinsu haka suke."

"Yawancin manajoji kurame ne ta hagu?"

Tari ya sarƙe shi. Ya yi ta yi har idonsa ya kawo ruwa, amma wallahi ban motsa na ba shi ruwa ba. Abubuwa ne suka riƙa haɗuwa a kaina. Shi ya turo min tallan aikin nan a waya. Shi ya tsaya a kaina sai da na tura takarduna, ni ina cewa tallan da ba suna ba na so.

"Yaya, kujerarka ce?"

Ya kawar da kai.

"Don girman Allah ka amsa min. Kujerarka ce?"

"Tawa ce."

Umma ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Na miƙe tsaye, kujerar ta faɗi ta baya.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin su saki tallan. Na ga matar nan tana shige da fice a ofishin Manaja. In ta gan ni sai ta yi saurin rufe jaka. Ni yaro ne?"

"Me ka yi musu?"

"Lokacin da na kwanta asibiti injin sanyi ya mutu, kaya suka lalace. Injin da bakina ya gaji da cewa a gyara. Amma inji ba a korarsa, mutum ake kora. Suka kuma samu hujja, wai yanzu mai digiri suke so a wurin. Ni kin san inda karatuna ya tsaya."

Na sani. A kaina ya tsaya. Shekarar da zai koma makaranta ita ce shekarar da na samu gurbin jami'a.

"Shi ne ka zauna kana koya min yadda zan tsige ka? Kana min wasan Manaja muna dariya?"

"Auta, zauna."

"Ba zan zauna ba! Kuma ba inda za ni gobe. Su riƙe aikinsu."

"Za ki je."

"Wallahi ba za..."

"Kar ki rantse!"

Tun da nake da Yaya bai taɓa daka min tsawa irin wannan ba. Har matarsa ta leƙo daga sashensu, ya yi mata alama da hannu ta koma.

Ya sassauta murya. "Ki saurare ni. In kin je, za su kore ni. In ba ki je ba, za su kore ni. Akwai mutum huɗu bayan ke, na ga sunayen a teburin sakatariya. Ko dai kujerar nan ta dawo gidan nan, ko ta tafi gidan wani. Maganin hawan jinin Umma wa zai saya? Yaran can in an koma makaranta wa zan kalla? Ke kike ganin kin yi min kara in kin ƙi zuwa. Ba kara ba ce, yunwa ce za ki jawo mana mu duka."

Na fashe da kuka. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, kuma na rasa inda ya yi ƙarya a maganarsa. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Umma ta ce, "Kai kuwa me ya sa ba ka faɗa mana ba? Ka bar abu yana cin ka kai kaɗai?"

"Da na faɗa, da ba ta tura takardun ba, Umma. Kin san halin 'yarki."

Ya juyo gare ni.

"Saura abu ɗaya. Kamfanin nan ba sa ɗaukar ɗan'uwan ma'aikaci. Doka ce. Balle ƙanwar wanda za su kora. In suka ji ƙanshin alaƙa tsakaninmu, ke kin rasa, ni kuma za su ce na leƙa sirrinsu, su sallame ni ba ko sisi na sallama."

"To ai ka ga magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba. Sunan uba a takardunki daban, a nawa daban. Ba ki taɓa taka wurin ba. Ba wanda ya san ki."

Na daina kukan na zuba masa ido.

"Me kake so ka ce?"

"In an tambaye ki, ba ki san ni ba."

Umma ta ce, "A'a. A'a, wannan kam ban yarda ba."

"Umma..."

"Ciki ɗaya na ɗauke ku! Kai da kanka ka fasa wa ɗan maƙwabta baki kuna yara, don ya ce Auta ba ƙanwarka ba ce ta gaskiya. Yau kai ne za ka sa ta faɗa da bakinta?"

Yaya ya sunkuyar da kai.

"Wancan lokacin akwai mai ciyar da mu, Umma."

Ya ɗauki takalminsa a hannu ya fita. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ki goge kayanki tun da wuta. Kuma kar ki je da kumburarren ido."

*

Da safe saƙon Madam Sirri ya shigo. Na buɗe ina addu'ar Allah ya sa Yaya kuskure ya yi, wani wurin ne daban. Adireshin wurin aikinsu ne.

Ya riga ni fita, don kar a gan mu a mota ɗaya. Umma ba ta ce min je ki ba, ba ta ce kar ki je ba. Ta dai miƙo min rigar sanyinta, ta juya ta shige ɗaki.

Na je. Masu zagina ku zage ni, na je.

Dogon gini ne mai farin fenti, motocin kaya a jere a gefe, injuna na ta gurnani ta baya. Madam Sirri ta tare ni a bakin ƙofa. Ashe 'yar ƙaramar mace ce, muryar ce kawai babba. Ta bi da ni ta wata ƙofar gefe, wai kar ma'aikata su gan mu.

"In wani ya tambaye ki, kin zo duba tsarin ajiya ne daga waje," ta raɗa min.

Ofishin Manaja sanyi kamar cikin firji. Mutum ne mai jiki, da furfura a gemu, da tabarau a saman hanci. Kujeru biyu ne a gabansa. Ƙafafuna da kansu suka kai ni ta damansa, na ji kunyar kaina.

Bai ɓata lokaci ba.

"An ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi. Me za ki fara yi?"

Na ɗaga murya. "Zan hana kowa buɗe ƙofar ɗakin sanyi, ranka ya daɗe. Sannan in nemi mai gyara."

Ya cire tabarau ya kalli Madam Sirri.

"Kin ji ko? Duk waɗanda kika kawo min, mai gyara suke fara kira."

Ya yi ta jefo tambayoyi, ina amsawa. Direba mai sauri. Maganin da zai fara fita. Kowace amsa da muryar Yaya take fitowa a kunnena. Shi kuwa sai gyaɗa kai yake, yana ƙara sakin fuska. Ban taɓa cin jarrabawa ina jin ɗaci a bakina ba sai ranar.

Ya jingina da kujera.

"Ina kika koyi wannan? Ba a koyar da shi a aji."

"A gida... ina yawan karatu a gida."

"Madalla. Bari in fito miki a mutum. Wanda ke riƙe da siton nan ya daɗe da mu, mutumin kirki ne, ba na ƙi. Amma ya gaji. Yau ciwo gobe lafiya, ga asarar da ya ja mana. In mun ɗauke ki, za ki zauna da shi zuwa ƙarshen wata a matsayin baƙuwa mai duba tsari. Ki kwashe duk abin da ke kansa. Ranar da kika ce min kin iya, ranar zan kira shi in sallame shi."

"Ni zan faɗi ranar?"

"Ke za ki faɗa. Za ki iya riƙe sirri?"

Na gyaɗa kai kawai.

"Yauwa. Bari ya zo ya zagaya da ke ki ga wurin."

Ya ɗaga wayar tebur. "Turo min mai sito."

Na ji kamar in tashi in zura da gudu. Na damƙe rigar Umma a cinyata.

Aka ƙwanƙwasa.

Ya shigo sanye da wata ƙatuwar rigar sanyi mai tambarin kamfani, da safar hannu, da tarin makullai a ƙugu. Ban taɓa ganinsa a kayan aiki ba. A gida shi ne babba, in ya yi magana an gama. A nan ya tsaya daga bakin ƙofa, hannuwa a baya, ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, ga ni."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. A gidanmu ba a zaune a kujera Yaya na tsaye.

Manaja ya ce, "Zauna abinki mana. Wannan baƙuwa ce, ta zo duba mana tsarin ajiya. Ka nuna mata komai, kar ka ɓoye mata komai."

"An gama, ranka ya daɗe." Ya juyo ya dube ni kamar yadda ake duban baƙo a layin banki. "Sannu da zuwa, Madam."

Madam.

Idona ya ciko. Na yi ƙoƙarin mayar da hawayen, ɗaya ya kufce.

Manaja ya mayar da tabaransa. Ya kalli Yaya. Ya kalle ni. Ya sake kallon Yaya, a hankali wannan karon, tun daga goshi har haɓa.

"Ikon Allah. Kun kuwa san kuna kama?"

Madam Sirri ta daina rubutu.

Manaja ya ƙara da cewa, "Kun san juna ne?"

Yaya ya yi 'yar dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba.

"Ni? Ban taɓa ganinta ba, ranka ya daɗe."

Na san shi ya tsara, na san don mu ya faɗa. Duk da haka sai da maganar ta soke ni har cikin ƙashi.

Manaja bai yi dariyar ba.

"Ba kai na tambaya ba."

Ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya ya fuskance ni.

"Malama, me ya sa ki kuka? Ki dube shi da kyau. Mene ne shi a wurinki?"